Kada Ku Cire Wa Yaro Tsoron Maciji

Wani salon labari ya yawaita a wayoyinmu a 'yan shekarun nan, kuma ina kyautata zaton kai ma ya taɓa giftawa ta gabanka a TikTok ko Facebook. Saurayi ne ko budurwa, galibi a Amurka ko Ingila, yake ba da labarin yadda ya tashi da tsoron maciji, ko hotonsa ba ya iya kallo. Rana ɗaya wani aboki ya ɗora masa shi a tafin hannu, ya ji jikinsa a bushe sumul, babu yauƙin da yake zato. Daga nan tsoro ya koma sha'awa, sha'awa ta koma ƙauna. Yau ga shi da maciji cikin akwatin gilashi a ɗakin kwanansa, ya raɗa masa suna, yana rataya shi a wuya kamar carbi. Labarin kullum waje ɗaya yake sauka: wai tsoron maciji jahilci ne, wanda ya waye ya wuce wurin.

Da a can abin ya tsaya, da ban ce uffan ba. To amma samarinmu sun fara kwaikwayo, ana ɗaukar hoto da maciji a kafaɗa, wasu har suna cigiyar inda za su sayi nasu, ƙannensu ƙanana kuma suna leƙen wayar. Ni aikina harhaɗa magunguna a asibiti, kuma a ɗakinmu ake ajiye allurar maƙarin dafi idan akwai ta. Daga nan nake magana, kuma matsayina a fili yake: gidan da ke da yara a ƙasar nan ba wurin kiwon maciji ba ne, tsoron da ɗanka yake yi masa kuwa garkuwa ce da bai kamata kowa ya ƙwace masa ita ba.

Ba na ƙaryata masu waɗancan bidiyoyi. Ƙaunarsu gaskiya ce, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da kusantarwa sannu a hankali wajen warkar da mutumin da tsoro ya hana shi sakat. Sai dai ka lura da abin da yake hannunsu. Mafi yawanci wata ƙaramar mesa ce marar dafi, wadda idan ta firgita takan dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Asalinta ma daga yankinmu ne, domin daga Ghana da Togo da Benin aka daɗe ana fitar da ita zuwa kasuwannin Turai da Amurka, yanzu kuma can suke ƙyanƙyashe ta da kansu. Mai ita ya san jinsinta tun daga ranar da ya saye ta, yana ciyar da ita da ɓerayen da aka daskarar a firji, yana da likitan dabbobi, kuma tana iya kai shekara 20 zuwa 30 a hannunsa. Abin da ke tsakaninsu kuwa, daga ɓangaren macijin, sabo ne kawai. Ya saba da ƙamshin hannun da ke ɗaukarsa, ya daina ɗaukarsa a matsayin barazana, yana kuma jin daɗin ɗumin jikin mutum domin shi jikinsa ba ya samar da zafi. Ba ya kewar mai shi, ba ya kishinsa, ba zai ƙi saran ɗansa don kunya ba.

Ko a can ɗin ma ba lafiya lau ake ƙarewa ba. Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, tana kuma bin fatarsu da akwatinsu zuwa hannun mutum. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take ba da shawarar kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Gudawa da zazzaɓin da babba zai warke daga gare su cikin mako suna iya shiga jinin jariri. A watan Agustan 2013, a garin Kambelton na ƙasar Kanada, wata babbar mesa irin ta Afirka ta kuɓuce daga inda ake tsare da ita da dare, ta kashe yara biyu 'yan uwan juna, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, suna barci. Wannan ba ya shiga bidiyon mai rataya maciji a wuya.

Yanzu dawo gida ka duba abin da ke jan ciki a bayan ɗakinka. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, macizai uku ne suka fi cika gadajen asibiti: kububuwa, da kasa, da kumurci. Kububuwa ita ce uwar ɓarna, ga ta kuwa ƙarama, sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Wanda ta sara yakan tashi ya koma gida da ƙafarsa, da ɗan kumburi da raɗaɗi, har a ce da sauƙi. Sai bayan sa'o'i ko kwana guda dasashi ya fara zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani lokaci jinin ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki inda ido ba ya gani. Mace mai juna biyu tana iya rasa cikin, ta kuma rasa ranta. Ba banza ba wasu suke kiranta gobe-da-nisa. Idan ba a yi allurar maƙari ba, cikin mutum goma da dafinta ya shiga jikinsu, ɗaya ko biyu suna mutuwa. Kasa kuwa nama take ruɓarwa, har ta kai ga yanke ƙafa. Kumurci yana shiga ɗaki da dare neman ɓera ko ƙwan kaza, ya sari mai barci a tabarma, ko ya yi wa mutum tofi a ido.

To ka tambayi kanka abin da yaro ɗan shekara bakwai yake koya idan ya ga yayansa yana shafa maciji yana dariya. Ba ya koyon sunan jinsi, ba ya koyon bambancin zanen baya ko siffar kai. Darasi ɗaya yake ɗauka: ana taɓa maciji. Ƙaramar mesa da ƙaramar kasa duka masu kauri ne, duka masu dabbare-dabbaren launin ƙasa, duka sukan kwanta shiru ba sa gudu. Babban mutum ma yakan ruɗe a hasken magariba, balle yaron da aka aika ɗebo itace ko tsintar gyaɗa. Kuma dafin da maciji yake zubawa ba ya raguwa don wanda aka sara ƙarami ne. Adadi ɗaya ne yake shiga jikin da bai kai rabin na babba ba. Yaron Landan da aka cire wa tsoron maciji zai iya ƙare rayuwarsa bai haɗu da mai kisa a hanya ba. Yaron Kaltungo ko Langtang ko Karim Lamido yana iya haɗuwa da shi kafin ya isa makaranta.

Kafin zuwan waya ma muna da namu masu wannan wa'azi. Gardi ne a bakin kasuwa, da kwandonsa da kirarinsa, yana sumbatar kumurci, yana zura shi cikin riga, jama'a na sowa. Wasan ba shi ne hajar ba, talla ce. Hajar tana zuwa a ƙarshe, ƙullin garin magani da laya, wai wanda ya sha ko ya rataya maciji ba zai sare shi ba, in ma ya sare shi dafin ba zai kama shi ba. Abin da ba a nuna wa 'yan kallo shi ne abin da aka yi wa macijin tun a gida. A ƙasashe da dama masu wannan sana'a suna karya haƙoran dafin, ko su ɗinke bakin, ko su bar dabbar da yunwa har ta galabaita. Haƙoran kuwa suna sake tsirowa, domin maciji yana sauya su duk tsawon rayuwarsa. Saurayin da ya sayi maciji a hannun irin wannan mutum bisa alkawarin an cire masa dafi ya sayi abin da zai dawo da makaminsa cikin 'yan makonni, ba tare da sanarwa ba. Hatta ƙwararrun da suka ƙare rayuwarsu a nazarin macizai ba su tsira da saninsu ba: Karl Schmidt, babban masanin macizai na gidan adana kayan tarihi a Shikago, saran wani ƙaramin macijin bishiya na Afirka ne ya kashe shi a 1957.

Cutar da ƙullin gardi yake yi ta fi ta macijinsa. Wanda ya amince yana da lakani ba ya gaggawar zuwa asibiti. Yakan kwana a gida yana shan jiƙo, a tsattsaga wurin da reza, a ɗaure ƙafar tamau da roba, a manna baƙin dutse. Sai jini ya ƙi tsayawa a inda aka tsaga sannan a nemi mota.

Ga abin da na fi sani, wato abin da yake jiransa idan ya iso. Maganin dafin maciji ɗaya ne tak, allurar maƙari, kuma ba a harhaɗa ta kamar farasitamol. Ana tatsar dafin macizai, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, jikin dabbar ya ƙera garkuwa, sannan a ɗebi jininta a tace. Aiki ne mai tsada, masu buƙatarsa kuma manoma ne da makiyaya marasa kuɗi, don haka kamfanoni ba sa rububinsa. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin Fav-Afrique, wadda ke cikin mafi ingancin alluran nahiyar nan, kuma ragowarta ta ƙare wa'adi a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, amma sai a 2017 ta sa shi cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Alluran EchiTAb, waɗanda aka yi musamman da dafin macizan Najeriya, a Birtaniya da Kosta Rika ake sarrafa su, da kuɗin waje ake shigo da su. Asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe yana karɓar dubban mutane a shekara, kuma lokacin shuka da girbi, daidai sanda aka fi buƙata, shi ne lokacin da allurar ta fi yankewa. Na sha tsayawa a tagar ɗakin magani ina gaya wa uba cewa babu, ko akwai amma kuɗinta sai ya sayar da akuyoyi. Ba fuska ce da mutum yake mantawa ba.

Kuma ba kowace kwalba mai hoton maciji ce take aiki ba. Maƙari yana bin jinsin macijin da aka yi shi da dafinsa. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka sauya zuwa allurar da aka yi da dafin macizan Indiya, mace-macen waɗanda kububuwa ta sara ya tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa kashi 12. Wanda ya yi odar maciji mai dafi daga wata nahiya don burgewa kuwa, ya sani cewa maƙarinsa ba ya cikin firjin kowane asibiti da ke kusa da shi. Kowace kwalba da aka ƙarar a kan mai wasa da maciji don nishaɗi, an hana ta ne ga matar da aka sara tana roron wake.

Za a ce mini, to kenan a kashe duk macijin da aka gani? A'a. Mu da labarin kafuwarmu ya fara da macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu, mun gaji saurin ɗaukar sanda, kuma mutane da yawa a wajen kisan ake saransu. Yankakken kan maciji ma yana iya sara bayan an raba shi da gangar jiki, don haka ko an sare kan, ba abin da za a miƙa wa yaro ba ne. Macizai da yawa ba su da dafi, kuma suna rage mana ɓerayen da ke cinye hatsi suna yaɗa zazzaɓin Lasa. Wanda yake sha'awarsu ya karanta, ya je gidan namun daji ya kalle su ta bayan gilashi, ya yi karatun da zai kai shi ɗakin binciken dafi. Ƙasar nan tana buƙatar irinsa. Abin da za ka koya wa ɗanka gajere ne: in ya ga maciji ya ja da baya, kada ya taɓa, kada ya jefa, ya kira babba. Kai kuma ka nisanta tarin itace da akurkin kaji daga ɗakin kwana, ka toshe ramukan ɓera, a kwana kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa, a fita da tocila da dare, a shiga gona da takalmin roba mai tsawo.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, a ɗauke mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a tallafe hannun ko ƙafar da itace kamar karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka ba. Ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaurin roba. Idan tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kada ku biya ta kantin magani a yi masa allurar diklofenak, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen: suna ƙara zubar jini, kuma allura a tsoka ga wanda jininsa ba ya daskarewa sabon rauni ce. Farasitamol ya isa har a isa. A asibiti za a ɗebi jininsa a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga, sai maƙari. Ko ya daskare, a bar shi ƙarƙashin kulawa na kwana guda, a maimaita gwajin.

Tun kafin damina ta sauka, je asibitin da ya fi kusa da ku, ka nemi ɗakin magani, ka tambaya ko suna ajiye allurar maƙarin dafi, in kuma ba sa ajiyewa, ina suke tura mutane. Idan an nuna maka kwalbar, duba ranar ƙarewar wa'adinta, ka kuma nemi sunan kububuwa na kimiyya, Echis ocellatus, cikin jerin macizan da aka rubuta a jikin kwalin.