NAMAN DA BA A YANKA BA: MU FAHIMTA KAFIN MU YANKE HUKUNCI



 Kwana biyun nan saƙonni sun yi yawa a kan bidiyon da ke yawo, wai Turawa suna haɗa nama a kwalba ba tare da an yanka dabba ba. Wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce alamar tashin duniya ce. Sai wata baiwar Allah ta tambaya ko wannan abin zai taimaki ɗanta da tsokar ƙafarsa ta zagwanye bayan haɗarin babur. Tambayarta ce ta sa na zauna na rubuta wannan. A daure a karanta har ƙarshe kafin a tura.

Ra'ayina a taƙaice: ilimin gaskiya ne, kuma ɓangarensa na magani abin maraba ne. Ɓangaren abinci kuwa yana da tambayoyin da dole a amsa mana kafin ya hau faifanmu. Sannan akwai 'yan damfara da ke cin kasuwa da sunansa tun yanzu.

*YAYA AKE RAINON TSOKA A ƊAKIN GWAJI?*

Da farko, ba ƙirƙirar rai ake yi ba. Babu wanda ya haɗa ƙwayar halitta daga babu. A jikin tsoka, ta mutum ko ta dabba, Allah Ya ajiye wasu ƙwayoyi na ko-ta-kwana da ke kwance a gefen zaren tsoka. Wani masani mai suna Alexander Mauro ne ya fara bayaninsu a 1961, a tsokar kwaɗo. Idan tsoka ta ji rauni sai su farka, su hayayyafa, su manne da juna su zama sabon zare. Su ne ke gyara maka jiki bayan ka wuni kana huɗa a gona.

Abin da masu bincike ke yi shi ne su ɗebo waɗannan ƙwayoyin, su yi musu dabara su ɗauka har yanzu a cikin jiki suke. Abu uku suke tanada musu.

Na ɗaya, ɗumi. Ana ajiye su a ma'aunin zafi 37, daidai da ɗumin jikin mutum.

Na biyu, abinci. Wani ruwa ne da aka zuba wa sukari, gishiri iri-iri, bitamin, tubalan furotin, da sinadaran da ke umartar ƙwaya ta hayayyafa. Shekara da shekaru, babban abin da ake ƙarawa a ruwan nan shi ne ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ake zuƙa daga tayin idan an yanka saniya mai ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na uku, shimfiɗa. Ƙwayar tsoka ba ta girma a sake, sai ta sami abin da za ta kama, kamar yadda kabewa ke neman dangar da za ta hau. A nan ne kalmar "nano" ta shigo. Nano awo ne kawai: a raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashin kanka ya kai nano dubu tamanin ko kusa da haka. To ana saƙa zare mai kaurin nano ɗari-ɗari daga jelatin, ko kolajin, ko wata irin roba mai narkewa a jiki, a jera shi ya fuskanci gefe guda. Wani lokaci kuma zane ake tsagawa a kan faranti, siriri ƙwarai, kamar kunyoyin gona. Dalili? Idan aka zuba ƙwayoyin a fili mai santsi, kowacce inda ta ga dama za ta fuskanta, kamar tsintsiyar da aka kwance. Idan suka sami kunya sai su bi layi, su haɗe su zama dogon zare da ke ja gefe ɗaya. Ƙarfin tsoka kuwa a jeruwar zarenta yake. Wasu masu binciken ma suna gauraya shimfiɗar da abin da ke ɗaukar lantarki, irin su ɓurɓushin zinari ko wani siraran gawayi da ake kira girafin, su riƙa aika ɗan lantarki kaɗan-kaɗan don tsokar ta motsa, tamkar tana atisaye.

*INDA NAKE MARABA DA SHI*

A 2015, masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Nenad Bursac, sun raini tsokar mutum da ke motsawa idan an taɓa ta da lantarki. Amfaninta na kusa shi ne gwajin magani. Maimakon a fara ɗura wa mutum sabon magani a ga ko zai lalata masa tsoka, sai a fara gwadawa a kan wadda ke faranti. Haka nan ana nazarin cututtukan gado da ita, irin ciwon Dushen da ke kama yara maza, tsokarsu ta riƙa ƙarewa tun suna ƙanana har tafiya ta gagara. Wanda ya taɓa ganin irin yaron nan ba zai ce a rufe wannan ƙofar ba.

Amma ke baiwar Allah mai tambaya, gaskiya ɗaya ce: har yanzu ba a kai inda za a raina babbar tsoka a dasa wa ɗanki a asibiti ba. Matsalar ita ce hanyoyin jini. Ƙwayar da ta yi nisa da abinci da iskar oksijin fiye da kaurin takarda ɗaya ko biyu, mutuwa take yi. Shi ya sa rainon ɗan siriri yake da sauƙi, mai kauri kuma yake gagara. Ga kuma jijiyoyin da za su haɗa sabuwar tsokar da ƙwaƙwalwa. Abin da zai amfani yaronki yau shi ne likitan ƙashi, da masu gashi da motsa gaɓɓai na asibiti, da abinci mai gina jiki, da haƙuri. Allah Ya ba shi lafiya.

*INDA NAKE CEWA A DAKATA*

Ilimin nan dai shi ne ya haifi naman ɗakin gwaji. A watan Agusta 2013 aka soya na farko a bainar jama'a a Landan. Mark Post na Jami'ar Maastricht da ke Holan ne ya haɗa shi daga dubban siraran zaren tsokar saniya, kuma curi ɗaya ya ci kusan Yuro 250,000. Singafo ce ta fara ba da izinin sayar da irin wannan naman kaza a Disamba 2020, Amurka ta biyo a Yuni 2023. Italiya kuwa a ƙarshen 2023 doka ta kafa ta hana shi gaba ɗaya. Kun ga su kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Mu tambayoyinmu uku ne.

1. Daga ina aka ɗebo ƙwayar? Abin da masu wannan sana'a suka fi alfahari da shi shi ne ba a kashe dabba, allura kawai ake sa wa saniya mai rai a ciro ɗan tsoka. To abin da suke ganin ado, shi ne matsalarmu. Duk ɗalibin fiƙihu ya san yankin da aka cire daga jikin dabba tana raye hukuncin mushe yake ɗauka. A kan wannan ne malaman ƙungiyar Nahdlatul Ulama ta Indonesiya suka ce a 2021 naman da aka raina daga ƙwayar dabba mai rai bai halatta ba.

2. Me aka ciyar da ita? Ga maganar ruwan jinin ɗan tayi. Jini ne, kuma daga shanun da ba mu san wa ya yanka su ba. Kamfanoni da dama yanzu sun koma ruwan raino marar jini, kuma hakan ci gaba ne. Amma faɗar kamfani kaɗai ba ta isa ba, sai an sami mai sa ido.

3. A kan me aka shimfiɗa ta? Wannan ce tambayar da mutane ke mantawa. Kaso mai yawa na jelatin ɗin duniya daga fatar alade ake yin sa. Idan shimfiɗar da tsokar ta kama ta zama cikin abin da za a tauna, dole mu san asalinta. Ana iya yin ta da waken suya ko wasu tsirrai, amma sai an tambaya ake sani.

A farkon 2024 kwamitin fatawa na majalisar addinin Musulunci ta Singafo ya ce irin wannan nama yana iya zama halal idan an cika sharuɗɗa: ƙwayar ta fito daga dabbar halal, duk abin da aka haɗa ya zama halal, kuma ba ya cutarwa. Ni wannan tafarkin ya fi kwanta mini, wato a yi hukunci da sharaɗi. Mai cewa "haramun ne kawai don Turawa suka yi" ya yi gaggawa, don allurar rigakafi da ƙarin jini ma baƙi ne a wurin kakanninmu. Mai cewa "ai nama nama ne" shi ma ya yi gaggawa. Fatawa ta malamai ce. Namu shi ne mu kai musu bayanin yadda abin yake daidai, don hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa.

Wani zai ce, Malam, mu da kilon nama ke gagararmu, ina ruwanmu da naman kwalba? Gaskiya ne, ba ya kasuwarmu, kuma mahaucin unguwarku ba shi da hanyar samunsa, don ya fi naman sa tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka a daina tura bidiyon da ke cewa ya shigo gari, ana ɓata wa bayin Allah sana'a. Amma abincin gwangwani da na leda daga waje yake zuwa mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: gara hukumomin abinci da malamanmu su shirya sharuɗɗansu tun kafin kaya su iso tashar jirgin ruwa.

*HATTARA DA MASU SAYAR DA SUNA*

Wannan ne ya fi damuna, don shi yana cikin gidajenmu yau. Ana yawo da garin sha da ƙwayoyi masu tsada, a ce "sitem sel" ne ko "fasahar nano", wai suna sabunta tsoka, su warkar da shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, har da kansa. Ku auna da abin da kuka karanta a sama. Ƙwayar da sai an tsare ta a ɗumi 37, cikin ruwa na musamman, ba tare da ko ƙura ta taɓa ta ba, ita ce za ta rayu a busasshen gari cikin leda a rana? Ko da ta rayu, ciki narkar da ita zai yi kamar kowane abinci. Na san gidan da aka sayar da akuyoyi aka saya wa dattijo irin wannan, aka ajiye maganin hawan jininsa. Ƙarshenta asibiti aka kwasa da shi. Wallahi wannan cin amana ne, ko da mai tallan ya buɗe da sallama ya rufe da addu'a.

*TSOKAR DA KE HANNUNKA*

Abin sha'awa, abin da masana ke wahalar samar wa tsoka a faranti, abinci da motsi, kai kyauta kake da shi.

• A riƙa sa wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono ko awara a abincin gida, musamman na yara da tsofaffi. Mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likitansa.
• Tsoka idan ba a aiki da ita zubewa take yi. Tafiya zuwa masallaci ko kasuwa da ƙafa ba ƙaramin abu ba ne.
• Tsohon da ya kwanta jinya yana rasa tsoka cikin 'yan kwanaki. Idan likita ya yarda, a riƙa zaunar da shi, a motsa masa hannu da ƙafa kullum.
• Yaron da ke yawan faɗuwa, ko yake dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe daga ƙasa, a kai shi asibiti, kada a tsaya cewa lalaci ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga masu cin dukiyar mutane da sunan magani. Wanda ya ga amfani ya tura wa 'yan uwa.