Malamin makaranta da jakar inshora: sunan wa ake sayarwa a Garwa?

A babban hutun da ya wuce, mu goma sha biyar muka zauna a wani ɗaki a tsakiyar Garwa ana koya mana tallar inshorar rai da ta lafiya, wadda mu a nan muka fi sani da asurans. Da na waiga na duba fuskoki sai na ga fiye da rabi 'yan alli ne irina. Biyu ma tare muka yi ENIEG, tare muka karɓi takardar CAPIEMP, tare kuma muke ta jiran ranar da gwamnati za ta ɗauke mu. Muka gaisa muna 'yar dariyar kunya, kamar waɗanda suka haɗu a gidan mai ba da bashi.

Ba abin mamaki ba ne a ga malami yana neman sana'a ta biyu. Kowa ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da malaman sakandare suka ajiye alli a ƙarƙashin OTS saboda bashin albashi da jinkirin lambar aiki. Mu a Arewa abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Hamidou, malamin motsa jiki a makarantar sakandaren Beka da ke yankin Faro, wanda ya yi kusan shekara 10 yana koyarwa ba albashi, ya rasu a watan Maris na wannan shekarar. Bayan nan litar man fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, alhali ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati bai wuce kashi 5 da ɗan wani abu a kowane karo ba. Wannan fa na masu lambar aiki ke nan. Mu da muke makarantu masu zaman kansu, da malaman da iyayen yara ke biya, watannin hutu watannin azumin aljihu ne. Dokar 2023 ta ce mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu jaka 60 ne, amma na san malamai da dama da ba su taɓa riƙe wannan kuɗin a ƙarshen wata ba.

To sai ga kamfani ya ce ka zo da bakinka da takalminka kawai, ba jari, ba haya, abin da ka sayar a ba ka kamasho. Wa zai ƙi zuwa ya ji?

Kuma a faɗi gaskiya, buƙatar tana nan. A Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Gwamnati ta ƙaddamar da kashin farko na shirin lafiya ga kowa, CSU, ranar 12 ga Afrilun 2023 a Mandjou, kuma ya rage wa wasu nauyi sosai: mai wankin ƙoda yanzu jaka 15 yake biya a shekara, mace mai ciki kuma da takardar chèque santé ta jaka 6, wadda jihohin Arewa uku suka fara sani tun kafin CSU, ana duba ta har haihuwa, ko da tiyata ce. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ma suna da nasu sauƙin. Amma magidancin da babur ya kayar a kan hanyar Pitoa ya karye a cinya, ko dattijon da hawan jini ya kwantar, wannan sai dai a bi dangi da ƙoƙon bara, ko a sayar da sa, ko a taɓa kuɗin adashi. CNPS tana biyan fansho da haɗarin wurin aiki da kuɗin iyali, ba ta biyan takardar magani ta rashin lafiyar yau da kullum. Duk da haka, inshora gaba ɗayanta ba ta wuce wajen kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, kuma a unguwanninmu abin da aka sani da sunan shi ne takardar mota da ake yanka don kada a tsaya jayayya da jandarma a shingen hanya.

Kamfanonin kuwa suna neman sababbin kasuwanni. Tun 2016 hukumar CIMA, wadda ke tsara dokar inshora ga ƙasashe 14 na yankin sefa, kuma aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta umarci kamfanoni su ɗaga jarinsu daga sefa biliyan 1 zuwa biliyan 5 a hankali a hankali. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai zauna a Duwala yana rabon ma'aikatan banki da abokan gasa ba, dole ya leƙo Arewa. Sai dai a Arewa ba a sayen alkawarin shekara 15 daga hannun baƙo mai laƙataye. Ana saye ne daga hannun wanda aka san gidansu.

Na fahimci haka a rana ta biyu ta horon. Mai koyar da mu ya raba farar takarda ya ce kowa ya rubuta sunayen mutum 100 da idan ya buga musu waya za su ɗauka. Na fara da 'yan uwa, na shiga abokai, kafin in kai 40 na ƙare. Sai hannuna ya soma rubuta iyayen ɗalibaina: mahaucin da ke kawo min tsire ranar ba da sakamako, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, matar da ke sayar da fura tana biyan kuɗin makarantar 'ya'ya uku. Waɗannan mutane ba su san kamfanin ba, ba su iya karanta Faransancin kwangila ba. Abin da suka sani shi ne Malam ba ya cin amanar yara. Wannan yardar ita ce kamfanin ya zo haya, kuma kuɗin hayar shi ne kamasho.

Bari in bayyana yadda kamashon yake, domin a nan ne matsalar take kwance. A takardar da aka ba mu babu albashin wata. Kaso mai tsoka yana zuwa ne daga kuɗin da mutum ya zuba a shekarar farko, bayan nan sai ya ragu ƙwarai, idan kuma mutumin ya daina biya da wuri ana iya cire abin da aka ba ka daga kamashon gaba. Ma'ana, cikinka yana cika ne da sabon sa hannu, ko da wanda ya sa hannun ba zai iya jure shekara 10 yana biya ba. A kwangilolin ajiya na ilimin yara da na ritaya da na karanta, wanda ya tsaya kafin ya cika biyan shekara 2 kusan ba abin da zai karɓa, wanda ya fita bayan nan ma a farkon shekaru abin da za a mayar masa bai kai abin da ya zuba ba. Ga ma'aikacin da ake cire masa daga banki kowane wata wannan ba damuwa ba ce. Amma manomin auduga kuɗinsa daga Sodecoton sau ɗaya yake zuwa a shekara. Mai albasa da mai shanu suna da watan yalwa da watan ƙunci. Ka ɗora wa irin wannan mutum biyan wata-wata, ka san tun ranar farko cewa damina ɗaya mai wuya ta isa ta cinye masa ajiyarsa.

Ta fannin lafiya kuma wani abu ne daban. A dokar CIMA kamfanin rai daban, na dukiya da haɗari da rashin lafiya daban, ko da suna ɗauke da suna ɗaya a allon ƙofa. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, a wannan ɓangare sai ka biya kafin kariya ta fara aiki, babu zancen bashi. Ga lokacin jira kafin a fara biya maka, ga cututtukan da ka shigo da su waɗanda ba a ɗauka, ga kason da ya rage a kanka, ga jerin asibitocin da aka yarda da su, waɗanda ke raguwa da zarar ka bar cikin gari. Tsari ne da aka ɗinka wa ma'aikatan manyan kamfanoni a rukuni. Idan aka yanka wa mutum ɗaya da iyalinsa, kuɗin shekara ya fi ƙarfin yawancin waɗanda ke cikin jerin sunayena.

Sannan ga tambayar da na san za ta zo, kuma daga bakin ƙanin mahaifiyata ta fara fitowa. Na je masa da jakata bayan la'asar, ya saurare ni har na gama, sai ya ce: "Ɗana, wannan abin malamai sun halatta shi?" Na ce, "Kawu, akwai magana a kai." Ya ce, "To je ka gama maganar tukuna ka dawo."

A horo an ce mana idan aka yi wannan tambaya mu ce ai kamar adashi ne. Wallahi ba kamar adashi ba ne. A adashi abin da ka zuba shi kake kwasa, kuma kowa ya san kowa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Disambar 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai ƙayyadadden biya tana ɗauke da garari mai ɓata ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita. A kwangilar ajiya kuma akwai ribar da aka lamunce tun farko, wadda dokar CIMA ta ƙayyade kada ta wuce kashi 3.5 a shekara, kuma ba sai an kira wa mai karatu sunan wannan ba. Akwai malaman da suka sassauta, musamman kan inshorar lafiya da wadda hukuma ta tilasta. Ni ba mai fatawa ba ne, lissafi da Faransanci nake koyarwa. Abin da na sani shi ne ba ni da ikon ɓoye wa mutum saɓanin don in ci kamasho.

Abin haushin shi ne mafitar tana nan a rubuce. Sudan ta fara takaful tun 1979. A Najeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yanzu ga kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki, kuma 'yan kasuwarmu da ke zirga-zirga Yola da Kano suna jin labari. Ita kanta CIMA ta amince da dokar takaful a 2019, har da damar kamfani na yau da kullum ya buɗe taga ta musamman. Amma a cikin duk takardun da aka jibge mana a kan tebur, a garin da ladan ke tashin mutane kowace asuba, babu ko ɗaya ta takaful. Da na tambaya aka ce ana nazari.

Akwai kuma abin da ban ji kowa ya ɗaga ba sai da na karanta da kaina, wato gado. A dokar CIMA, kuɗin da aka rubuta wa wani da sunansa a inshorar rai ba ya shiga cikin dukiyar mamaci, wanda aka rubuta shi kamfani zai biya. Ɗauki magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwar uwa a raye. Wakili yana sauri, ya ce Alhaji wa za a rubuta, Alhaji ya faɗi sunan amarya ko na babban ɗa, aka wuce. Ranar da ta Allah ta kasance, malamai suka zauna rabon gado yadda aka saba, sai a tarar da miliyoyi sun bi wata hanya, kuma a idon doka daidai ne. Shugaban kamfani yana Duwala, ba wanda zai je masa. Gidan malamin da ya kawo takardar za a zo, a unguwar da yake sallah, gaban yaran da yake koyarwa. Ana iya kauce wa wannan idan aka zauna aka tsara wurin rubuta magada da kyau, da shawarar malamin da ya san rabon gado, amma wannan zaman awa biyu ne da ba a biyan kamasho a kansa.

Ga 'yan uwana malamai masu lambar aiki, akwai ƙarin abin lura. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 7 ga Oktoban 1994 ta hana ma'aikaci yin sana'ar kansa ta neman riba, in ban da noma da rubuce-rubuce da koyarwa ta ƙari. Tallar inshora ba ta cikin waɗanda aka keɓe. Wasu suna fakewa da sunan mata ko ƙane, ranar da rigima ta tashi kuwa ba su da tsayawa. Kowa kuma, mai lamba da marar lamba, ya tambayi katin sana'a da Ma'aikatar Kuɗi ke bayarwa, kuma kada ya yarda kuɗin mutum ya kwana a aljihunsa ba rasit na kamfani. Mutanenmu ba su manta da rufe Cofinest a 2011 ba, duk da cewa ita ma'ajiyar kuɗi ce, domin a wurin talaka duk mai karɓar kuɗi ya ba da takarda dangi ɗaya ne. Doka ta ba wanda ya sa hannu a inshorar rai kwana 30 ya janye a mayar masa da kuɗinsa. A horonmu an ambaci wannan sau ɗaya, da sauri.

Ni dai ban ajiye jakar ba, kuma ba zan ce sana'ar banza ce ba. Na ga matar wani abokin aikinmu da ya rasu ya bar bashin banki, inshorar da ke kan bashin ta biya, ba a taɓa gidan ba. Zuwa yanzu kwangila uku na sayar, duka ga masu albashin wata waɗanda suka karanta da idonsu, suka san saɓanin malamai, suka zaɓa. Kamashon ya biya min hayar wata biyu. Amma na koma kan takardar nan ta mutum 100 na soke duk wanda ɗansa ke ajina, da duk wanda kuɗinsa ke bin damina. Saura 23.

Shugaban rukuninmu ya kira ni ranar Litinin yana tambayar me ya sa lambobina suka tsaya. Na ce masa ya kawo min kwangilar da ake biya sau ɗaya a shekara bayan an sayar da auduga, da bayani a Fulatanci da Hausa, da tagar takaful ɗin da doka ta ba su dama tun 2019, ni kuma in cika masa takardarsa daga Yelwa har Pitoa. Ya yi dariya ya ce zai isar da saƙo sama. Kawu kuwa duk ranar Juma'a in mun fito masallaci sai ya tambaye ni ko na gama maganar.