Matashin tokare jariri da kujerar barci: Kada talla ta ruɗe mu

Kayan barka sun sauya a 'yan shekarun nan. Daga birnin Kano har garuruwa irin su Kademi a ƙaramar hukumar Gaya, masu talla a WhatsApp da Facebook na nuna wa iyaye mata matashin da ke tokare jariri ta gefe biyu, da kujerar barci mai gangare da bel, wata har da batir mai jijjiga. A ganina, bai kamata a kwantar da jariri ya yi barci a kansu ba.

Wuyan jariri bai yi ƙwari ba. Idan yana kan gangare, kansa na rinjaya gaba, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya toshe. Idan kuma ya mirgina fuskarsa ta nutse cikin soso, ba zai iya ɗagowa ba, kuma sau da yawa ko kuka ba a ji.

Amurka, inda waɗannan kaya suka fara tashe, ta riga ta ga illarsu. A 2010 hukumomin FDA da CPSC sun gargaɗi iyaye kan matashin tokarewa bayan mutuwar jarirai 12. A Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerun Rock 'n Play miliyan 4.7 bayan rahoton mutuwar jarirai sama da 30. A 2022 ƙasar ta kafa dokar hana sayar da makwancin jarirai mai gangaren da ya wuce digiri 10.

Sai dai sanarwar janye kaya ba ta isa ga mai sayen gwanjo, kuma kwaikwayon waɗannan kujeru na nan a shagunan intanet. Ya kamata hukumomin SON da FCCPC su sa ido.

Wasu iyaye na tsoron tumbuɗi ya shaƙe yaro idan ya kwanta rigingine. Lafiyayyen jariri yakan haɗiye shi ko ya tarar da shi, kuma likitocin yara sun fi amincewa da wannan kwanciya.

Don haka a kwantar da shi rigingine a kan katifa mai ɗan tauri, shimfiɗaɗɗiya, ba matashi, ba naɗaɗɗen zani a gefe, a ɗakin mahaifiyarsa. Ko da hunturu ne, a ƙara masa riga maimakon lulluɓe shi da bargo mai nauyi. Kuɗin kujerar kuwa, a sayi gidan sauro mai magani, a ɗame shi sosai nesa da fuskarsa.