Duwatsun Kogo da Pauwa: a fara da masu wuri kafin a gayyato baƙi

A tsakiyar hamadar Ostareliya akwai wani jan dutse, shi kaɗai tsaye a fili, ana kiransa Uluru. Tsayinsa mita 348 ne daga ƙasa, kewayensa kuwa ya haura kilomita 9. Kullum tun da duku-duku motoci kan kwaso baƙi daga masaukansu na garin Yulara su sauke su a gindinsa, ɗan jagora yana gaba, su kama hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 10 da 'yan kai wadda ta zagaye shi. Suna tafe rana tana ɓullowa, dutsen yana rikiɗa daga duhu zuwa ja jawur. Sammakon ya zama dole, domin a ranakun tsananin zafi ana rufe wasu sassan hanyar tun kafin rana ta take. Jagora yakan tsaya da su a bakin ruwan Mutitjulu, ya nuna musu kogunan da ke da zane-zanen mutanen da, ya faɗa musu abin da aka yarda a faɗa. Akwai kuma wuraren da za su tarar da allo yana roƙon kada a ɗauki hoto, saboda ilimin wurin na dattawan maza ne kaɗai, ko na dattawan mata. Baƙo ya biya kuɗinsa, ya zo daga Jamus ko Japan, amma a nan zai mayar da kyamararsa jaka ya wuce.

Babu kuma wanda ke hawa dutsen. Wannan doka ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen Anangu, 'yan asalin wurin, sun shafe dubban shekaru a gindinsa kafin wani Bature mai suna William Gosse ya iso a 1873 ya raɗa masa suna Ayers Rock. Daga baya aka kafa sarƙa a jikinsa don masu yawon buɗe ido su riƙa kamawa suna hawa, alhali masu wurin suna kallon hakan a matsayin keta alfarma, kuma fiye da mutum 30 suka mutu wajen hawan. Sai ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnatin Ostareliya ta mayar wa Anangu takardar mallakar ƙasar, su kuma suka ba hukumar gandun daji haya ta shekara 99, bisa sharaɗin su ne za su fi yawa a kwamitin da ke gudanar da wurin, kuma suna da kaso a kuɗin shiga. A 2017 kwamitin ya yanke shawarar hana hawa, aka rufe hanyar a ranar 26 ga Oktoba 2019. Shekara 34 ke nan tsakanin karɓar takarda da cika burinsu. An yi ta tsoratar da su cewa baƙi za su ƙaurace. Baƙi suna nan suna zuwa, suna zagayawa ta ƙasa.

Mai karatu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yana da haƙƙin ya tambaye mu: ina ruwanmu da yawon buɗe ido, mu da zuwa gona ma sai da addu'a da waige-waige? Tambayar tana kan hanya, kuma wannan jarida ba ta manta da abin da yankin ya gani ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa. A 2021 an katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi, an rufe kasuwannin dabbobi. Ƙauyuka sun tashi, wasu har yau ba su koma ba. Ba za mu ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa gobe da asuba ya nufi dajin Kogo kallon fitowar rana ba.

Dalilinmu na ɗauko maganar yanzu shi ne an riga an yanke wata shawara a kan wannan daji, kuma yadda za a aiwatar da ita ne zai nuna ko mutanen wurin za su amfana ko za a mayar da su 'yan kallo. A ƙarshen 2020, cikin makonnin da aka yi abin Ƙanƙara, Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙirƙiro sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, daga 7 suka koma 17. Dajin Kogo na Jihar Katsina yana ciki, tare da Falgore na Kano da fadamun Haɗeja na Jigawa. Cikin hujjojin da aka bayar har da tsaro, wato idan hukuma ta shiga dazukan, ɓata-gari za su rasa maɓoya. Muna fatan haka. Sai dai maƙwabcinmu gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ke kusa da Sabuwa, ya samu wannan matsayi tun 1999, kuma matsayin bai hana shi zama sansanin 'yan bindiga ba. Allo a bakin hanya da 'yan ma'aikata masu kaki ba sa riƙe daji. Masu riƙe shi su ne waɗanda ke kwana a gefensa, suke cin abinci daga cikinsa, suka san wace hanya ce ke fita ina.

Kuma wannan yanki ba fanko ba ne da za a zana wa iyaka a taswira a ce an gama. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga yadda duwatsu ke tasowa daga cikin gonaki, wasu sumul, wasu a jibge kan juna. A gindin irin waɗannan duwatsu da kan su ne kakanninmu suka fara kafa garuruwa, domin dutse yana ba da mafaka ranar yaƙi, yana tara ruwa a kwaruruwansa, ƙasar gindinsa kuma tana da albarka. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a Zariya a 1981, ya nuna irin matsayin da garuruwan wannan kusurwa ta kudu maso yamma suka riƙe a tsohuwar daular Katsina. Har yanzu sarautun yankin suna ɗauke da shaidar hakan: hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa, na Sabuwa shi ne Kogo, sunayen tsofaffin garuruwan Pauwa da Birnin Kogo. Can yamma kaɗan, cikin Zamfara ta yau, ga 'Yandoto wadda ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, ga kuma dutsen Kwatarkwashi wanda aka san shi da bautar Magiro a zamanin maguzanci.

A nan ne wasu za su ɗaga gira, kuma gara a fito da maganar fili. Mu al'ummar Musulmi ce, kuma yawancin alfarmar da aka ba waɗannan duwatsu a da ta samo asali ne daga bautar iskoki, abin da muka bari kuma ba ma fatan komawa. To amma sanin abin da kakanni suka yi daban, yin sa daban. Kowane ɗan makarantar firamare a Kano ya san labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, kuma sanin bai raba kowa da sallarsa ba. Hasali ma wanda ya san inda aka fito ya fi gane girman aikin da malaman 'Yandoto da na birnin Katsina suka yi. Ban da haka, duwatsun nan ba tsafi kaɗai suka ɗauka ba. Akwai kufai, akwai ragowar ganuwa, akwai maƙabartun da jikokin masu su ke raye, akwai kogunan da mata da yara suka ɓuya a lokacin hare-hare. Wuri irin wannan yana da haƙƙin a shige shi da ladabi ko da babu wani abin bauta a cikinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu wannan ilimi suna ƙarewa, kuma rashin tsaro yana gaggauta ƙarewarsu. Tsohon maharbin da ya san ramin da rema ke kwana da inda ruwa ke saura a kan dutse har cikin bazara, yau yana zaune a ɗakin haya a Funtuwa ko Malumfashi, babu mai tambayarsa komai. Tsohuwar da za ta kai ka kan fa ta nuna maka ramukan da niƙa ya sassaƙa a jikinsa, santsi kamar cikin ƙwarya, ta gaya maka gidan wa ke shanya dawa a wane gefe, tana gudun hijira wajen 'yarta. Bafulatanin kirki da ya san burtali da mashaya tun na kakansa, wanda shi ma an kore masa shanu, ya yi kudu da abin da ya rage masa. Mai maganin gargajiya da ya san wace saiwa ake haƙa a wane lungu, da mai ɗiban zuma, da maƙerin da ya ji daga bakin mahaifinsa inda ake tono tama, duk haka. Yaron da aka haifa a 2015 a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka ya tashi bai san dutsen garinsu da komai ba sai cewa ta nan 'yan bindiga ke ɓullowa. Idan dattawan nan suka tafi da abin da ke kansu, ranar da zaman lafiya ya dawo za a samu daji da duwatsu, amma babu mai iya buɗe baki ya ce ga abin da ya faru a nan.

Shi ya sa aikin farko ba ya jiran tsaro, ba ya kuma buƙatar kuɗi masu yawa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello, suna iya tura ɗalibai 'yan asalin yankin su zauna da dattawan a inda suke gudun hijira, su naɗi muryoyinsu da Hausa da Fulatanci, su rubuta sunan kowane dutse da kogo da rafi yadda masu wurin ke kiransa. A tambaye su kuma abin da suka yarda a yaɗa da abin da suke so a bar wa zuriya kawai, a mutunta amsar. A ajiye kwafi a fadar hakimi da makarantun yankin, kada komai ya ƙare a kabad ɗin jami'a.

Na biyu ya shafi gandun Kogo kansa. Muna kira ga Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa da Gwamnatin Jihar Katsina da Masarautar Katsina su zauna tun yanzu su rubuta yarjejeniya wadda za ta ba garuruwan da ke kewaye da dajin kujeru masu rinjaye a kwamitin gudanarwa, manoma da makiyaya da mafarauta, da mata a cikinsu, domin su ne masu tsintar ƙwarar kaɗanya da kalwa. A fayyace a rubuce kason da zai koma wa garuruwan daga duk kuɗin da gandun zai samar. A fayyace inda za a ci gaba da kiwo da ɗiban itacen girki da magani, domin gandun da ya fara da korar talaka daga abincinsa ya sayi gaba tun ranar farko, kuma yankin nan ya ga inda rikicin gona da burtali ke kaiwa. Aikin gadi da na jagora a ba 'ya'yan wurin. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 bisa hujjar cewa ɗan gari ya fi kowa sanin dajinsa, kuma hujjar nan ba ta canzawa idan aka zo maganar gandu. Haka nan kada a ba da lasisin fasa dutse ko haƙar ma'adinai a wurin da ke da kufai ko kaburbura sai an ji ta bakin masu shi. Ƙanƙara ƙasar ma'adinai ce, an san ta da farar ƙasa, kuma dutsen da aka mayar tsakuwa ba ya dawowa.

Kada a ɗauka muna cewa komai ya yi daidai a Ostareliya. Ƙauyen Mutitjulu da ke gindin Uluru har yanzu yana fama da talauci da rashin aikin yi, manyan kuɗin kuma sun fi tsayawa a otal-otal da kamfanonin jigila. Wannan ma darasi ne: kujera a kwamiti ba ta isa ba idan motar da masaukin da abincin duk na wani ne daga nesa. A wajenmu abin da sauƙi, tunda baƙin farko ba daga Turai za su zo ba. 'Yan makarantun Funtuwa da Katsina da Zariya ne, da 'ya'yan yankin da ke aiki a Kaduna da Abuja waɗanda ke son nuna wa yaransu inda aka binne cibiyarsu. Irin waɗannan baƙi ba sa neman otal mai hawa biyar. A sallaci asuba a masallacin gari, a sha koko da ƙosai a wajen matan garin, a bi dattijo da saurayin da yake koya wa aikin, a zagaya gindin dutse cikin sanyin kaka kafin rana ta yi zafi, a biya su haƙƙinsu a hannu. Inda dattijon ya ce a nan ba a shiga, a tsaya.

Zaman sulhun da aka yi a wasu ƙananan hukumomin yankin a 2025 ya sa wasu sun fara leƙa gonakinsu, ko da yake mutane da yawa suna ɗari-ɗari da shi, kuma suna da dalili. Ko ya ɗore ko bai ɗore ba, naɗar muryoyin dattawa aiki ne da za a iya farawa a wannan zangon karatu, a cikin garin Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, da wayar hannu da littafin rubutu. Muna sa ran majalisar dokokin jiha za ta nemi a kawo mata daftarin yarjejeniyar gandun Kogo a karanta shi a bainar jama'a, da Hausa, a Faskari da Sabuwa, kafin a kafa ko da turke ɗaya na iyaka.