Maganin Ciwon Jiki: Tuwo Ba Garkuwa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama da manoman albasa a Jiga Birni, ko ya ga 'yan dako suna lodin buhuna a kasuwar Jega, ya san yadda yini ke ƙarewa. Mutum zai taso gaɓoɓinsa sun yi tsami, ya biya ta kemis ya ce a yi masa haɗi. A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar, a bi shi da gargaɗi ɗaya tak: "Ka dai ci abinci tukuna." A ganina wannan gargaɗi rabin gaskiya ne, rabin da aka bari kuwa shi ke kwantar da mutane a asibiti.

Ya kai mai karatu, magungunan nan iri biyu ne. Na farko shi ne farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol. Wannan ba ya cin tumbi, ana iya shansa da ruwa kawai. Hasali ma ya fi saurin aiki in ciki ba komai, domin a ƙaramin hanji jiki yake tsotse shi, abinci kuwa tsare shi yake yi a tumbi. Ɓarnarsa a hanta take, shi ya sa aka hana babba ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500.

Iri na biyu ya ƙunshi asfirin da ibufurofen da diklofenak. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa. A shekarar 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin da danginsa suna hana jiki sarrafa wani sinadari mai suna furostagilandin, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Sinadarin nan shi ke rura raɗaɗi da kumburi, amma kuma shi ne ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi, kuma yana taimakon gudun jini zuwa ƙoda.

To a nan gizo ke saƙa. Maganin ba wurin da ya taɓa kaɗai yake yi wa illa ba. Sai ya shiga jini, sannan ya dawo wa bangon tumbi ta jijiyoyi ya rage masa yauƙi. Dalili ke nan da ya sa ko allurar diklofenak, wadda ba ta bi ta baki ba, tana iya jawo gyambon ciki. Malmalar tuwo takan rage ƙwannafi da tashin zuciya, saboda haka a ci, amma ba za ta ceci wanda ya yi wata yana haɗiyar ƙwayoyin nan kullum ba. Haka kuma wanda ya yini cikin rana yana ban ruwa, ko mai azumi a bazara, jikinsa ya riga ya bushe. In ya ɗora ibufurofen a kai, ƙodarsa ce ke shan wahala.

Don haka tambayar da ta kamata ita ce: wane magani ne, nawa za a sha, kwana nawa? Kada a haɗa biyu daga iri na biyu. A sha ruwa isasshe. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su taɓa su, kada kuma a ba yaro asfirin. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ya garzaya asibiti, alamar zubar jini ce a ciki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.