Tashar Ornano ba labarin nasara ba ce

1/ Masu yaɗa hoton tsohuwar tashar jirgin Ornano ta birnin Faris suna cewa "kun ga yadda Turawa ke mayar da kufai wurin shan shayi", don Allah ku dakata. Rabin labarin kuka ɗauko.

2/ Tashar tana kan layin dogon da ya zagaye Faris, Petite Ceinture, mai tsawon kilomita 32. An kammala zagayen a 1869. Ma'aikata da mazauna bakin gari ne ke hawansa zuwa aiki. A 1900 kaɗai ya ɗauki fasinja kusan miliyan 39.

3/ A wannan shekarar ce jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki, ya dinga janye masa mutane. A 1908 ma aka buɗe masa tasha a Porte de Clignancourt, dab da Ornano. Zuwa 1934 aka daina ɗaukar fasinja a mafi yawan layin, aka ce bas ta isa.

4/ To bas ɗin ta isa? Ina! Mutanen bakin gari ba duka tsakiyar birni suke nufa ba. Wani daga wannan unguwa zai je waccan, kuma aikin layin zagaye ke nan. Bas ta yi ta fama da cunkoso shekara da shekaru, har sai da suka dawo suka shimfiɗa sabon dogo a kan titi. Ya fara aiki a 2006, bai iso unguwar Ornano ba sai 2018. Shekara 84 fa!

5/ Gidan shayin da kuke yabo, La Recyclerie, a 2014 aka buɗe shi. Yana da kyau kam, har kaji suke kiwo a ciki. Amma mai sammakon zuwa aiki kaza za ta kai shi?

6/ Abin da ya kamata ku yaɗa shi ne: kamfanin jiragen ƙasa na Faransa bai yanka filin layin ya sayar ba. Ƙarfen dogon na nan kwance a ƙasan tashar.

7/ Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana kafa hujja da hoton nan wai mu ma a raba filayen tsofaffin tashoshinmu a gina shaguna. Gidan shayi ana iya kwashe kujerunsa cikin mako guda. Jerin shaguna masu takardar mallaka a kan hanyar jirgi kuwa, wa zai tashe su?