Zaɓen Jita: A Dubi Katako Kafin Fenti

Wani saurayi ya ce da ni ya tara kuɗin sayen jita, irin wadda ba a haɗa ta da lantarki, amma ya rasa abin da ya sa jita biyu masu kama ɗaya suka bambanta a murya da tsada. To, amsar tana jikin katako.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo. Girgizarta ke sauka a kan fuskar jita, fuskar ta kaɗa iskar da ke cikin, kamar dai aikin fata a jikin gurmi. Wani gwanin masassaƙi a Sifen, Antonio de Torres, ya nuna haka a 1862, sa'ad da ya yi jita wadda bayanta da gefenta na takarda ne da aka danƙare, fuskarta kuwa ta katako mai kyau.

Mafi yawan fuskoki na itacen sifurus ne, mai rashin nauyi amma ga ƙarfi, muryarsa tangaran, ba ta dushewa ko an kaɗa da ƙarfi. Sida ya fi shi taushi, ya dace da mai taɓawa da yatsu a hankali. Baya da gefe kuwa gishiri ne a miya. Kamfanin Martin na Amurka yana yin D-18 da mahogani, ɗan'uwan madacinmu, mai murya a dunƙule, wadda ba ta danne mawaƙi. D-28 kuwa da rozwud, mai zurfin amo da doguwar amsa-kuwwa. Rozwud na Barazil ya yi ƙaranci har aka ƙuntata cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1992, shi ya sa yanzu na Indiya ya fi yawa.

Shawarata ita ce, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi jitar da fuskarta katako ne zalla, ko da bayanta falle-falle ne da aka manne. Sai dai a sani, katako zalla ba ya shiri da hunturu. In iska ta bushe yakan tsage. A ajiye jitar cikin akwatinta tare da ɗan soso mai laima, ba tare da ya taɓa jikinta ba.

Kuma kada a biya sai wani ya kaɗa, mai saye ya ja da baya ya saurara. Sai mun sadu a makon gobe.